Dutsen Laka Da Ya Sa Aka Kira Ni Infoma

Lokacin da abin nan ya same ni, ni malamin firamare ne a Safana, ɗan asalin Wagini, ina zaune da mahaifiyata a gidan haya tun da zaman ƙauye ya gagara. Shekarun nan ne da zuwa gona ya zama sayar da rai, kowa ya dawo gari yana zaman kashe wando. Bayan la'asar mukan taru a zaurena ni da maƙwabta. Da dara ta gundure mu, sai na kawo wani wasa da na ga irinsa a waya: a ƙaddara duniya ta rushe, 'yan tsirarun da suka tsira sun hau dutse sun kafa ƙasa. Kowa da muƙaminsa, akwai sarkin ruwa, da mai rumbu, da mai tsaron ƙofa. Ni ne mai ba da labari, in ce fari ya zo ko baƙi sun iso gindin dutse, su kuma su yanke shawara. Don abin ya yi armashi har na kwaɓa laka na gina dutsen a tsakar gida, da hanyoyinsa da rijiyoyinsa da wuraren masu gadi, na zuba tsakuwa a matsayin shanu.

Mai rumbunmu wani ma'aikacin sakatariya ne da muke cin tuwo kwano ɗaya. Rannan a cikin wasa ya ɓoye hatsi lokacin yunwa, aka gano shi, sauran suka yanke a kore shi daga dutsen, aka yi ta dariya. Sunan ɓarawon rumbu ya bi shi har kasuwa. Ya same ni ya ce in sake labarin in wanke shi, na ce masa wasa ne, ya yi haƙuri. Ashe mutumin ya ƙullace ni. Sai ya je wurin 'yan sa-kai ya ce ina da taswirar maɓoyar ɓarayin daji a gidana, har da inda suke tara shanun sata.

Da hantsi suka fito da ni daga aji a gaban ɗalibaina, suka tasa ƙeyata gida. Suka zagaye dutsen lakar suna tambayar wane daji ne wannan, wa nake kai wa rahoto. Ina bayani ana duka, domin wa zai yarda magidanci da gemunsa yana wasa da laka? Aka ɗaure ni a rana, mahaifiyata ta durƙusa tana roƙon yaran da ta yi jika da su. Abokan wasan duk suka ɓuya, sai dattijon da ke sarkin ruwa ne ya kawo mai unguwa, ya rantse a kan abin da muke yi, sannan aka kwance ni.

An sake ni, amma sunan infoma bai sake ni ba. Mata suka daina shigowa gidanmu, aka daina gayyatar tsohuwa suna da biki. Ta daina cin abinci sosai, kafin damina ta zagayo ta rasu. Ranar zaman makoki sai ga mai rumbun nan ya zo ya miƙo mini hannu, wai sharrin shaiɗan ne, tsorata ni kawai ya so yi. Na bar hannun nasa a miƙe a gaban jama'a har ya gaji ya janye. Malamai sun yi mini nasiha in yafe, ban yafe ba, kuma duk sallar da na yi sai na kai ƙararsa.

Abin da na koya shi ne, in tsoro ya cika gari, ba a tsayawa bincike kafin a ɗaga sanda. Ku kula da wanda ya yi shiru ana yi masa dariya. Ku kuma masu kai ƙarar ƙarya don huce haushi, ku sani ba wanda kuka nufa kaɗai kuke kashewa ba. Ni da shi, sai a gaban Allah, kuma mahaifiyata ce za ta fara magana.