Baƙin Yaya Isufu Guda Biyar

Ku da kuka san Yaya Isufu kun san Juma'arsa. Ana saukowa daga masallaci sai ya jawo gwangwanin tumatir daga aljihu, ya zube dinarai biyar bisa buzu, ya wanke su da ruwan tsamiya, yana gaishe su da sunan garuruwansu. "Bagadaza, an kwana lafiya? Misira, ya sanyi?"

Shekara ashirin ya yi a ƙasar Makka yana dako, yana tsintarsu ɗaya-ɗaya wajen masu tsoffin kaya. Wasu sun dawo da katifa da rediyo, shi ya dawo da gwangwani. Mutumin da takalmin taya guda ya kai shi kabari!

Matarsa Hajiya Rabi ta ce, "Alhaji, a narka mini ƙaramin, a yi 'yan kunne."

Ya dubi kunnen da kyau. "Rabi, wannan ya shekara dubu. Naki kunnen nawa ya yi?"

Sai garinmu Madarumfa ya ɗauka: tagulla ce, Isufu ya zautu. Har masunta a bakin tabki suna kiransa Sarkin Tagulla. Yana dariya a waje, amma ni ƙanwarsa na ga ya bar cin tuwo.

Ranar kasuwa ya ɗauko wani maƙerin zinariya daga Maraɗi, ya zaunar da shi gaban jama'a. Maƙeri ya fiddo dutsensa na gwaji.

"Goga a hankali, yaro, ya girmi kakan kakanka!"

Maƙeri ya goga, ya ɗiga ruwansa. Can ya cire hula. "Wallahi zinariya ce tsantsa, irin ta sarakunan da. Baba, zan kawo maka mai ba da kamiyo sabuwa, babbar motar kaya. Amma ka bar wanke su, masu saye tsufan suke so."

"Kamiyo ta san Bagadaza? Kuma baƙona ba ya kwana da dauɗa!"

Ayyururui! Rabi ce ta fara guɗa. Yaya Isufu ya hau amalanken jaki ya zaga kasuwa sau uku, yana tambayar kowane masunci, "Mi ka ce sunana?" Ran nan tuwo kwano biyu ya tashi da shi.

Ni ya bar wa su. Ban san baƙin karatu ko ɗaya ba, amma yatsana ya san Bagadaza, gefensa da ɗan tsaguwa. Duk Juma'a ina jiƙa tsamiya.

Ya Allah, yadda ya riƙe baƙinsa da tsabta, Ka karɓe shi baƙo, Ka wanke shi tas. Amin.