Ranar da Babur ɗin Baba Ya Ƙi Tashi

Babur ɗin Baba ya girme ni. Fentinsa ya koɗe tun ina goye, salansar hayaƙinsa kuwa da waya aka ɗaure ta. Amma bugu ɗaya Baba yake yi masa ya tashi, ko da damina. Ni dai raina shi nake yi. Sau nawa Baba zai tsuguna a gefensa ya ce, “Zo in nuna maka halin abin nan,” ni kuma in ce, “Haba Baba, wannan akwalar? Ai sai ’yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe.” Sai ya yi dariya ya ce, “To, sai ranar da ka sami sukuni.” Ni kuwa ko minti biyar ban taɓa ba shi ba, wai ina da abin yi.

Wata rana ya dawo daga gonar rake, ya jingine babur a zaure, ya dafe ƙirji ya zauna a ƙasa. Aka kai shi asibiti a Makarfi. Kwana huɗu ina jinyarsa, a na biyar ya kore ni, ya ce in koma gida in sa wa masara taki tunda ga yayata a wurinsa. Na koma ƙauyenmu, can bayan Gubuchi.

Washegari da hantsi Yaya ta kira ni a waya. “Duk abin da kake yi bar shi,” ta ce. “Baba yana nemanka. Sau uku ke nan yana tambaya.”

Ranar kasuwa ce, ’yan acaɓa duk sun fice tun da sassafe. Na ciro makulli daga jikin ƙusa, na turo babur waje, na buɗe mai, na ja cok don mai ya sauka, na buga kik da ƙafa. Shiru. Na sake bugawa har ƙafata ta yi tsami. Na girgiza tanki, ga mai yana ƙara. Na kwance fulogi, na kankare shi da gefen kwalin ashana, na shiga madafa na gasa shi a murhu yadda na ga ana yi, na mayar. Ko tari bai yi ba.

Baffa, ƙanin Baba, ya fito da sandarsa ya tsaya a kaina. “Ɗana, bar shi haka nan, ka taka zuwa bakin titi.”

“Baffa, tafiyar awa guda ce fa. Yanzu zai tashi.”

Kaicona da wannan yanzu! Na jingina fulogi a jikin inji na buga, babu wuta. Na kama wayar fulogin da hannuna tsirara don ko ja ta yi mini, wallahi ko motsi ban ji ba. Na buɗe murfin gefe na goge foyin mai ba da wuta, na hura kafireta, mashigar mai, da baki har fetur ya cika mini maƙogwaro. Maƙwabta biyu suka tura ni gangaren rafi a giya biyu, muka sake turo shi sama muna haki. Na zage shi, na harbe shi da ƙafa kamar jakin da ya ƙi tafiya. Baffa ya sake magana, na yi kamar ban ji ba. Zuciya ta riga ta ɗebe ni, na rantse sai a kansa zan tafi.

Ana kiran azahar waya ta sake ƙara. Salati kawai na ji Yaya tana yi, sai na zauna a ƙasa da sufana a hannuna.

Bayan sadakar bakwai wani tsohon bakanike, abokin Baba, ya zo gaisuwa daga Ikara. Da zai tafi ya ga babur a zaure, ya shafa tankin. Na ce masa kwayil ɗin wuta ya mutu. Ya dube ni, ya cusa yatsu biyu a ƙarƙashin sirdi, na ji ƙas. Ya buga sau ɗaya, babur ya tashi.

“Ni na sa masa shi,” ya ce, “tun shekarar da aka yi ta satar babura a kasuwa. Ɗan makunni ne, yana yanke wuta. Mahaifinku bai taɓa sauka bai kashe shi ba. Bai nuna maka ba?”

“Ya so ya nuna mini,” na ce.

Ashe ranar da ya dawo yana dafe da ƙirji ma sai da ya kashe shi. Awa uku na yi ina faɗa da fulogi, hannuna yana wucewa ta wurin, ban sani ba.

Na tambayi Yaya me Baba yake so ya gaya mini. Ta ce bai faɗa wa kowa ba, ƙofa kawai yake ta kallo. Abin nan yana cina har yau, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Babur ɗin yana wurina. ’Yan gwangwan sun zo sau biyu, na kore su. Duk inda na sauka sai na cusa hannu na kashe makunnin, robarsa ta lotsa daidai babban yatsan Baba.