Malama Indo da Saniyar da Ta Yi Shiru

Malama Indo ba ta taɓa taka ƙofar caji ofis ba, ko da rakiya. Amma cikin shekara goma sha ɗaya ta kama ɓarayi sun fi talatin, har da wani ɗan leƙen asiri da ya shigo Wudil da shigar mai tallan magani. Duk a littafin rubutu ta kama su, da shuɗin biro.

A Dagumawa aka haife ta, gidan manoma. Gidan babu littafin boko ko ɗaya, sai takardar da ake ƙunso ƙosai. Indo ba ta bari a yar, sai ta shimfiɗe ta karanta, duk da maiƙon da ke jiki. Abin haushin, takardar ƙosai ba ta da ƙarshe. Ana tsakiyar magana sai ka tarar an yage. Haka za ta wuni tana ƙulla yadda labarin ya kamata ya ƙare, tana magana ita kaɗai, har iyarta ta fara tunanin karɓo mata taimako wajen malam.

Da ta gama kwalejin horon malamai aka turo ta wata firamare a cikin garin Wudil, aka ba ta aji shida. A nan ta auri Malam Halliru mai gyaran injin ban ruwa a bakin kogi, bawan Allah mai haƙuri da ya saba cin tuwo ana karanta masa labarin sata. Tun makon farko ta gano abin da ya hana ta sukuni. Yara saba'in a aji, rabinsu ba sa karatu. Hadda ce kawai. In ka ja musu layin farko za su ƙarasa shafin da ka, amma ka ce su nuna kalmar da yatsa, sai ido ya raina fata.

Ta gwada faɗa, ta gwada lallashi, duk a banza. Sai ta ƙirƙiro labaran Hansai da Auta, 'yan mata biyu masu tallan awara da ke tona asirin ɓarayi. Dabarar a nan take: 'yar talla tana shiga kowane gida, tana jin kowace magana, kuma babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Duk Alhamis bayan an tashi, Malama za ta tara yaran a gindin dalbejiya ta karanta musu. Da ta zo inda Hansai za ta sauke faranti ta ce, "Auta, na gane shi," sai ta rufe littafin. Shafin ƙarshe kuwa ta liƙa shi a bayan ƙofar aji. Mai son jin ɓarawo ya je ya karanta da kansa. Wanda ya faɗa wa wani, ba shi ba gindin dalbejiya sati biyu.

Mugunta ce, ita ma ta sani, amma tana aiki. Shekara bayan shekara yara suna turereniya a bayan ƙofa suna haɗa baƙaƙe.

Sai ga Sakina, 'yar Alhaji Labaran dillalin shanu a kasuwar Kara. Shekararta goma sha uku, ga wayo kamar me. Za ta tsaya a bayan ƙofa tana motsa baki, ta saci kallon fuskokin ƙawayenta, ta tsinci kalma nan ta tsinci kalma can, ta fito da sunan ɓarawo daidai. Wata huɗu tana yi wa Malama haka kafin asiri ya tonu. Ranar da aka miƙa mata takarda a juye, kai a ƙasa, ta ci gaba da motsa baki, Malama ta ji kunya ta kama ta, don laifin ba na yarinyar ba ne kaɗai.

Saura wata biyar a yi jarrabawar fita. Malama ta san in Sakina ta bar aji shida a haka, shi ke nan. A sakandare ba wanda zai zaunar da ƙatuwar budurwa yana nuna mata baƙi da wasali, ita kuma girman kai ba zai bar ta ta tambaya ba.

Hedimasta Malam Yahuza ya ce, "Malama, ki bar ta ta wuce. Ba ita ce ta farko ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ta hannuna dai ba za ta wuce haka ba."

Ta zauna ta rubuta sabon labari domin Sakina ita kaɗai, ba tare da ta faɗa ba. An sace wa wata tsohuwa saniya mai shayarwa, an bar ɗan maraƙin a turke, Hansai da Auta sun shiga nema lungu-lungu. Ranar Alhamis Sakina ta matso har gwiwarta na taɓa ƙafar Malama, don in dai zancen shanu ne ba ta da na biyu. Aka zo wajen "na gane shi," littafi ya rufe. Yara suka ruga bayan ƙofa, babu komai.

Malama ta ce, "Wannan karon shafin yana teburina. Sakina ce za ta karanta muku. Ran da ta karanta, ran nan za ku ji."

Kullum in an fita tara, sauran yara na cin awara a waje, su biyu suna aji. Sakina ta yi kuka, ta yi gaba da Malama, ta ƙi zuwa makaranta kwana uku. Malama ta bi ta har gida ta gaida mahaifiyarta, ta dawo da ita. Tausayin yarinyar yana cin ta ƙwarai. Malam Halliru ma ya ce ko ta sassauta, ta ce in ta sassauta yau, gobe da wane ido za ta dube ta. Suka fara da allo, daga "sa" zuwa "saniya", daga kalma zuwa layi. Shafin yana cikin aljihun tebur, bai fito ba sai a mako na tara.

Ran nan aji duka ya zuba ido. Sakina ta tsaya da takarda a hannunta. Tana ja tana tsayawa, ta ci layi huɗu, ta ci biyar. A na shida ta tsaya cak, ta ɗaure fuska. Malama ta ɗauka kalma ce ta gagare ta.

"Malama, wannan ba daidai ba ne."

"Mene ne ba daidai ba?"

"Kin ce ɓarawon ya ɓoye ta a gidansa a tsakiyar unguwa kwana uku, ba wanda ya ji motsinta. Saniya mai shayarwa ba ta shiru. In aka raba ta da ɗanta, kukanta har titi. Da tun ranar farko an kama shi."

Yara suka fara ƙus-ƙus. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa yi wa Hansai gyara ba, kuma Malama 'yar manoma ce, ba ta taɓa kiwon abin da ya wuce akuya ba. Ta ji zafin abin, ba ƙarya. Amma wani abu ne ya fi damunta: ko wani ne ya tsegunta wa yarinyar.

Ta ce, "Nuna min inda na faɗi haka."

Sakina ta ɗora yatsa a kan layi na shida, ta bi shi kalma-kalma, ta sake karantawa da ƙarfi, yatsan bai kauce ko sau ɗaya ba.

Daɗi ya cika Malama Indo. Ta jawo kujerarta ta zaunar da yarinyar, ta ciro jan biron da take yi wa yara maki ta miƙa mata.

"To, gyara min."