Baƙin Fure a Gindin Randa

Shekarar da aka fara rufe boda, lokacin da buhunan shinkafa suka koma bin hanyar daji a kan babura, ita ce shekarar da wannan tsiro ya shigo gidana. Damina guda ke nan bayan ruwan da ya kayar mana da katangar gabas, kuma ba a kai ga ciwon nan da ya hana mutane zuwa aikin Hajji ba. Na riƙe lokacin da kyau, don a watan ne haƙorina na gaba ya fita.

Maigidana, Allah ya jiƙan sa, fataucin albasa yake yi. Ya loda mota a nan Illela, sai Fatakwal. Kowace dawowa na san tsarabata: manja, kwakwa, in kasuwa ta yi kyau har da atamfa. Wannan karon sai ya miƙo mini gwangwanin madara cike da ƙasa, da ganye uku masu sheƙi a kai. Wai wata mai sayar da furanni kusa da inda suke sauke kaya ce ta ba shi, shi kuma ya ba ta kwanon albasa.

Na ce, "Malam, miya ake yi da shi?"

Ya ce, "Ba a ci. Kallo ake yi. Fure yake fitarwa baƙi ƙirin, da idona na gani."

"To wallahi an ci maka albasa a banza."

Na karɓa dai. Mu mutanen nan, duk abin da za a dasa albasa muke ɗaukar sa: a ba shi rana, a ba shi takin awaki, a ba shi ruwa safe da yamma. Haka na yi. Na haƙa masa rami a tsakar gida inda rana ke wuni, na zuba taki ban yi rowa ba. Kwana uku ganye biyu suka ƙone kamar an ɗora musu dutsen guga. Nan fa raina ya ɓaci. Ni da ban taɓa dasa abu ya mutu a hannuna ba! Lallen da ke bayan ɗakina ni na dasa, lemun tsamin nan ni na dasa, har barkono ana zuwa roƙon iri wurina. Sai ɗan abin cikin gwangwani ne zai kunyata ni?

Na tsare Malam yana cin tuwo, na ce ya faɗa mini inda ya gan shi. Ya ce ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta kai ƙasa. Ya ce garin nan ko riga ka shanya sai ta kwana biyu da laima. Na shiga zagaya gidana a cikin kaina. A duk faɗin Illela wuri guda ne ke da irin wannan hali, shi ne gindin randa. Randunana uku ne a ƙarƙashin rumfa, suna zaune a kan yashi, zufarsu tana tsattsafowa dare da rana. Ko a tsakiyar bazara ka sa hannu a wurin za ka ji sanyi, shi ya sa kwaɗi ke fakewa nan.

Na samo tsohuwar tukunya mai tsaguwa a gindi, don ruwa ya riƙa fita. Na kankare takin awakin nan daga jikin saiwar, wadda take kamar ɗan guntun gwaza. Na haɗa ruɓaɓɓen ganye da yashi da ɗan gawayi, na binne ta sama-sama, na cusa tukunyar tsakanin randa da randa. Da zafi ya tsananta na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a bakin rumfar, yadda masu goro ke yi wa kayansu. Buhun ya bushe in jiƙa, ya bushe in jiƙa. Da na lura ruwan rijiyarmu yana bar masa farin gishiri a bakin tukunya, sai na koma tara masa ruwan sama a jarka.

Shekara biyu ganye kawai yake yi. Malam ya rasu bai ga furen a gidansa ba. A daminar da ta biyo bayan fitata takaba, wata safiya na duƙa zan ɗebi ruwa, sai na ga kara ya miƙe daga tsakiyar ganyen, da wani abu a kansa ya buɗe fikafikai biyu kamar jemage. Launinsa kamar zoɓon da aka dafa ya yi kauri har ya koma baƙi. A ƙasan fikafikan ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle suna reto, ga gashi dogo-dogo yana zubowa irin na bakin tarwaɗa, wani ya fi kamu guda. Na ajiye moɗa na zauna. Na ce a raina, ashe Malam bai yi ƙari ba.

Kafin la'asar mata sun cika rumfar. Kowacce ta leƙa, ta ja da baya, ta ce, "Hajiya, maganin mi na?" In ce ba maganin komi ba ne. Sai su kalli juna. A wurinmu abin da ba a ci, ba a sha, ba a turare da shi, ba wanda zai wahala a kansa shekara uku, don haka suka yanke cewa ɓoyewa nake yi. Wata ta ce na farin jinin kasuwa ne, wata ta ce na sanyin ƙashi ne daga kurmi. Na fara tarar da ganye a yage, an tsinke gefe an soke a bakin zane.

Labarin sanyin ƙashin ne ya kai ƙauyen Amarawa, wurin yayar maigidana, wadda gwiwa ta daɗe tana damun ta. Ran kasuwa sai ga ta a kan babur, da 'yar fartanya a cikin jaka. Ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Saiwar nika so. Rabi ma ya isa, in jiƙa in sha."

"Yaya, saiwar guda ce. In aka sara, ya mutu."

"Ya mutu mana! Ciyawa ta fi ƙafata? Kayan ƙanena ne, ko kin manta ɗaki guda muka fito?"

"Ƙanenki gwangwani ya kawo, yana nan na ajiye, in shi kike so. Abin da ke cikin tukunya ni na yi shi."

"Ji min mata! Tun kina amarya rowa gare ki."

"Tun ina amarya kike cin tuwona kina ƙari."

Matan da ke bakin ƙofa suka tuntsire da dariya, abin ya ƙara tunzura ta. Ta sa aka kira babban ɗana a waya, shi da ke aikin ofis a Sakkwato. Ya ce, "Inna, don Allah ki ba Gwaggo, a zauna lafiya. In na samu mai zuwa kudu a sayo miki wani." Na ce masa wani ba zai zama wanda ubansa ya ɗauko ba, kuma shi da ya yi boko ya faɗa mini, ya san abin ba guba ba ne? Ya ce bai sani ba. Na ce ni ma ban sani ba, ko akuya ban taɓa bai wa ba, balle yayar mijina.

Wannan gaskiya ce, amma ba zan ɓoye ba, ko da malaman asibiti sun rantse mini yana warkar da gwiwa, da na yi ta neman wata hujjar. Duk abin da na dasa a rayuwata wani ya ci, ko ya sha, ko ya ƙunsa a ƙafa. Wannan guda ɗaya nawa ne.

Ta zaro fartanya ta nufi rumfa tana ɗingishi. Na riga ta. Na jawo kujerata 'yar tsugune na dasa a gaban tukunyar, na zauna, na gyara ɗaurin zane.

"Bisimilla, Yaya. Ki fara tone ni."

Ta tsaya tana huci. Na cika moɗa daga randar da ke kusa na miƙa mata, ta ƙi karɓa. A gidan ƙanenta ta ƙi shan ruwa, kowa ya gani. Ta juya ta fita, Sallah biyu ba ta tako gidan nan ba. Ni na riƙa zuwa Amarawa da man zafi ina murza mata gwiwar, tana kallon bango, ina murzawa. Ba ta ce na gode ba, ni ma ban ce ta yi haƙuri ba.

Cikin matan da suka cika rumfata ran nan, mai ƙosan bakin titi ta rasu, ungozomar unguwa ta rasu, maƙwabciyata ta yamma ta bi ɗanta Ƙwanni. Mai babur ɗin da ya kawo Yaya yana nan, ya koma sayar da mai a kwalba. Yaya ma tana nan da ranta, da sandarta, ta kusa casa'in, duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin rowata. Sai ni, sai tsiron, wanda bana ya fitar da fure kai huɗu.