Faifan da Auta Yake Ciki

Ciwon ido ne ya kawo Inna gidana a Unguwar Mu'azu. Likita ya haska ya haska, ya ce abin ya yi nisa, sai dai maganin ɗigawa don ya rage mata zafi. Ba ta yi wani dogon jimami ba. Ta ce ta ga duniya iya gani, a mai da ita gida kafin a fara shuka. Muna shirin haka ne, wata ranar da hantsi tana zaune a tabarma ina tankaɗe, ta ce, "Ke, an ce kina da muryar autana a cikin faifai."

Auta ƙanena ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Direban tanka ne, yana lodi a matatar mai ta wajen Rido, kuma a kan hanya Allah ya karɓi abinsa, shekaru da dama ke nan. Hotunansa akwai su. To me hoto zai yi wa mai ido irin na Inna? Murya take so, kuma wuri ɗaya ta rage: faifan walimar da aka yi mana ran da muka gama ajin manya. Ni da girmana na shiga makaranta, 'ya'yana suna gaba da ni a karatu, ina wanke-wanke ina haddar baƙaƙe. Ran walimar Auta ya ƙwace abin magana daga hannun mai gabatarwa ya yi ta tsiyata a gaban jama'a har mata suna riƙe ciki.

Na ce, "Kafin ki tafi za ki ji shi, Inna." Ban ce in Allah ya yarda ba ma. Haka nake, in na faɗi magana na faɗe ta.

Na'urar kallon faifai tun tuni 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa suka tafi da ita. Abin da ya rage tsohuwar kwamfutar da babbar 'yata ta yi karatu da ita kafin ta yi aure, tana kan tebur an rufe ta da zani. Na jona, ta kawo. Na danna maɓallin da ke fito da ɗan farantin da ake ɗora faifai, sai ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa ta yi shiru. Na sake dannawa. Na bubbuga ta, na zage ta, farantin bai fito ba. Na zaga maƙwabta ko wani yana da abin kallo, kowa sai ya ɗaga mini waya ya ce yanzu ai komai a nan yake. Wata maƙwabciyata 'yar Filato ce ta ce in je unguwar Television in nemi mutumin da ke gyara musu kayan sauti na coci, shi ba ya yar da tsofaffin kaya.

Na rungumi akwatin kwamfutar na shiga keke, faifan yana cikin jakata a naɗe da ɗankwali. Layin masu gyara duk ya koma na waya. Wani mai shago ya leƙo ya ce, "Hajiya, wannan gawar ina za a kai ta?" Na ce, "Gidanku, in akwai fili." Aka yi dariya, shi ne ma ya nuna mini shagon da nake nema, can ƙurya bayan masu sayar da caja.

Mutumin dattijo ne ɗan Binuwai, gilashi a kan hanci, Hausarsa tana karkacewa amma ba ta faɗuwa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya miƙe wata 'yar waya siririya ya zura a wani ɗan rami da ban taɓa lura da shi ba a gaban na'urar, sai ga faranti ya leƙo kamar harshe.

Na ce, "Shi ke nan? Abin da na sha wahala a kai ke nan?"

Ya ce, "Madam, buɗe ƙofa kawai na yi. Mai gidan bai tashi ba tukuna."

Ya kwance na'urar daga jikin akwatin, ya jera ƙusoshin a murfin kwalba. Ya nuna mini wata 'yar roba kamar ta ɗaure kitso, ta saki ta yi laushi, ya ce ita ke jan farantin, zama ne ya kashe ta. Ya tono wata daga cikin tarin matattun na'urori da ke ƙarƙashin teburinsa ya sa. Sannan ya jiƙa auduga da sipirit ya goge ɗan idon da ke karanta faifai, a hankali, kamar mai wanke wa jariri ido. Audugar ta fito baƙa. Ya ce, "Kuna girki da gawayi a gidanku." Na ce da me zan yi, da iska? Ya mai da komai, ya ɗauko faifansa na waƙoƙin coci ya gwada. Faranti ya shige da kansa, ganga ta tashi. Wallahi a lokacin har na ji ina son kiɗan.

Na kwance ɗankwali na miƙa masa nawa, na ce ya kama ta gefe, ban taɓa barin yatsa ya taɓa fuskar mai ƙyallin ba. Ya sa. Sai ga filin makarantarmu, ga rumfa, ga kujerun roba, ga mu nan a jere cikin anko. Malam ya buɗe da addu'a. Wani babba daga ofishin ilimi ya tashi ya yi ta jawabi a kan amfanin karatun mace, ya sha ruwa, ya ci gaba. Na ce a tura gaba, Auta bai zo da wuri ba ranar, layin lodi ya riƙe shi. Aka tura. Hoto ya tsaya cak, fuskar wata mata ta farfashe gida-gida. Aka sake turawa, na'urar ta yi ta juyi tana ƙara, allo ya yi baƙi.

Na ce, "Oga, gyaranka bai yi ba."

Ya fito da faifan ya ɗaga shi saitin ƙofa, sannan ya ce in zo in gani. Haske yana ratsowa ta cikinsa, tsaga-tsaga, kuma tsagogin baƙaƙe ne. Rubutuna ne. Sunana ne da na mahaifina, da sunan makarantar, na zagaye bakin faifan da su manya-manya.

Ya ce, "Da me aka rubuta wannan?"

Na ce da biro. Lokacin ba abin da ya tsira daga hannuna. Gwangwanin gishiri na rubuta masa gishiri, bokiti na rubuta masa bokiti. Kuma ina danna biro da ƙarfina duka, har malamarmu takan ce mini ba huɗa ake yi ba, rubutu ne.

Ya ce kowa fuskar mai ƙyalli yake lallaɓawa, amma irin faifan nan na masu ɗaukar biki, abin da aka ɗauka yana kwance ne dab da bayan, ƙarƙashin fenti, siriri kamar ɓawon albasa. Biro ya yanka shi, shekaru suka ɓamɓare sauran. Faifai daga tsakiya yake fara karatu ya yi waje, shi ya sa farkon ya tsira, inda hannuna bai kai ba.

Na ce ya yi wani abu. Ya yi. Ya gwada a wata na'urar, ya gwada kwashewa zuwa cikin kwamfuta, ya bar aikin wasu yana jira har la'asar ta yi. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Na tuna da mai ɗaukar hoton, ko yana da wani a ajiye; na buga wa wata da muka yi aji tare, ta ce mutumin ya daɗe da barin garin, nata faifan kuma jikoki sun yi wasa da shi. Dattijon ya naɗe mini faifan a ɗankwalin da kansa, ya ce, "Sannu, Madam." Na karɓa, na rungumi akwatin kwamfutar na nemi keke.

Da na dawo ban yi wa Inna kwana-kwana ba. Na ce na'ura ta gyaru, faifan ne ya lalace, kuma wurin da Auta yake shi ne ya tafi. Na gaya mata dalili.

Ta ce, "Kunna dai."

Na kunna. Ta matso da kunnenta kusa da lasifika, ta saurari addu'ar Malam ta shafa. Ta saurari jawabin mutumin ofis daga farko har ƙarshe, ba ta yarda na tura ba, wai kada a tsallake shi yana gaisawa da wani a baya. Duk muryar namiji da ta gifta sai ta ɗaga hannu, sannan ta sauke. Har aka zo inda yake tsayawa, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar juyin faifai.

Ta ce, "To me ya ce ranar?"

Na gaya mata. Cewa ya yi yanzu ya shiga uku, Yaya ta iya karatu, duk takardar da ya ɓoye a aljihu sai an karanta masa ita a tsakar gida. Na yi ƙoƙarin kwaikwayon yadda yake magana, har da 'yar dariyar da yake yi kafin ya ƙarasa zance.

Inna ta girgiza kai. "Ba haka yake jan magana ba."

"To yaya yake ja, Inna?"

Ta buɗe baki kamar za ta gwada. Ta daɗe a haka, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito. Sannan ta gyara mayafinta ta juyar da fuska wajen bango.

"Ni ma ta ɓace mini," ta ce. "Shi ya sa na tambaye ki."