Aalt van de Kolk, Wanda Ya Ƙi Ƙona Rumbu

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Geertje ta kira ni da hantsi ta ce mijinta ya cika. Aalt van de Kolk, dattijon cocinmu kuma malamin tarihi a makarantar ƙauyenmu da ke yankin Veluwe, ya tafi yana da shekara tamanin da ɗaya. Na rasa abokin gardama, na rasa mutumin da ya sa har yau nake da wurin zama a coci.

Aalt, a kan batun halitta ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Kai ka kafe a kan kwana shida, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa, Evert, kimiyya nake koyarwa, duwatsu da ƙasusuwa sun gaya mini duniya ta tsufa ƙwarai. A ɗakin malamai, muna shan kofi da burodi da cuku, kana kira na jikan biri, ina cewa ka gaishe mini da kaka Adamu.

Wasan ya ƙare ranar da iyayen yara suka kai ƙarata. Dattawan coci suka zauna don su hana ni Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake ci a coci, kuma a ƙauye irin namu wanda aka hana shi jibi makaranta ma ba ta riƙe shi. Kowa ya ɗauka kai za ka fara jifa, har da ni.

Sai ka ɗauko musu labarin da ka fi so, na tawayen Yahudawa ga Romawa. Ka tuna musu yadda sojojin Roma suna tafe, ƙungiyoyin cikin Urushalima kowacce na ganin ta fi kishin Allah, har suka ƙona rumbunan hatsin juna, yunwa ta riga Romawa cin birnin. Ka ce, "Evert ya yi kuskure, kuma zan ta gaya masa har in mutu. Amma 'yan'uwa, mu nawa muka rage a cocin nan? Ni dai ba zan sa wa rumbunmu wuta ba."

Da ƙyar aka ƙyale ni, amma fushi bai huce ba. Kowace Lahadi, da fasto ya fara wa'azi, mintin tsotsa yakan bi benci hannu zuwa hannu, sai ya iso kaina ya tsallake. Abu ne ƙarami, amma ya yi mini ciwo har na yanke shawarar daina zuwa. A Lahadin da na ɗauka ita ce ta ƙarshe, ka bar bencin dattawa a idon kowa, ka zauna kusa da ni, ka miƙo mini minti kana raɗa, "Karɓi, jikan biri, wa'azin yau da tsawo." Tun daga ranar ba ka koma gaba ba, ba ka kuma yarda da ni ko da kalma ɗaya ba.

Lahadin da ta wuce na zauna gefen gurbinka. Da aka fara wa'azi, Geertje ta miƙo hannu ta saman wurin, da ragowar mintin da ta samu a aljihun kwat ɗinka.

Ka sha gaya mini a cocinmu ba a yi wa mamaci addu'a. To, a wannan ma mu saɓa: Allah ya ji ƙanka, Aalt, ya karɓe ka da rahama. Geertje, da ku 'ya'yansa Lubbert da Hendrikje, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya ba mu haƙurin rashinsa.