Guntun Marken da Na Sassaƙa wa Malamin Asibiti

Ni dai na taɓa yin kishi da guntun itace, kuma da hannuna na sassaƙa shi. Duk ranar da za a tara wawayen Zuru, a ajiye mini kujera a gaba.

Sassaƙa ce sana'ata: turmi, taɓarya, ƙotar fartanya. Boko kuwa ban daɗe a ciki ba, malamai suka gane kaina ya fi marke tauri, suka sallame ni. A shekarun nan da rediyo ba ta da zance sai ƙanjamau, wani saurayi malamin asibiti ya tsaya da babur a rumfata a unguwar Rikoto, riga a goge, yana ƙamshin turare. Ya gaishe ni, ya yi ta sosa ƙeya.

"Baba, aiki na kawo, amma don Allah kada ka yi dariya."

Wai suna koya wa mutane yadda ake sa kororon roba, ayabar da suke gwadawa da ita kuma ba ta jure tafiya, wani lokaci ma a cinye ta kafin a tashi taro. Yana son na itace, mai siffar gaban namiji.

Na yi dariya har gizago ya suɓuce mini. Na ce, "Na saurayi ko na dattijo?"

"Matsakaici dai, Baba."

Na zaɓi marke mai kyau, na kankare shi da fasasshiyar kwalba, na shafe da man kaɗanya. Ban taɓa ƙawata turmi haka ba. Amma ban tambayi hannun wa zai shiga ba.

Wata Lahadi uwar 'ya'yana ta dawo daga coci da jaka, na hango aikina yana leƙowa. Ashe matan zumunta ita suka zaɓa malamin ya koya mata, ita kuma ta riƙa koya wa mata a ƙauyuka. Matar da sai da na yi golmo kafin a ba ni ita, wato na yi shekaru ina noma gonar ubanta har bayana ya lanƙwashe. Matar da tun aurenmu ba ta taɓa kiran sunan abin nan a gabana ba. Yanzu ga ta tana hawa bayan babur ɗin yaro mai turare, da abin a jaka, suna tafe suna hira. Wace hira? Ita ce ta hana ni cin tuwo.

Ranar da suka tafi ƙauyen Manga na ari keke na bi su. Na laɓe a bayan tagar coci kamar ɓarawon kaji. Mata cike, malamin na zaune can gefe, ita kuma tana tsaye ta ɗaga aikina sama.

Wata tsohuwa ta ce, "Wa ya sassaƙa wannan?"

"Maigidana."

"A jikinsa ya duba?"

"A burinsa dai, Inna."

Coci ya kaure da shewa, har malamin ya sunkuyar da kai yana dariya. Ni kuma ina waje, tururuwa na hawa ƙafata. Daga nan ta daina wasa. Ta nuna musu yadda ake warware robar, ta ce ba a maimaita ta. Ta ce wa matan sojoji in maigida ya dawo daga wurin aiki, ba rashin kunya ba ne a ce masa a je a gwada jini tare. Ta ce mace tana da ikon cewa ba yau ba, kuma mijin da ke ganin girman matarsa tambaya ba ta ba shi haushi. Gaskiya ta faɗa, amma ni ba ita na ji ba. Na ji dai muryarta a sake, irin wadda ban taɓa samu ba, ga kuma yaro yana gyaɗa mata kai.

Washegari tana wanka na zare itacen na cusa a murhu. Marke ne, ya ci wuta da kyau. Taro na gaba ta saɓi taɓaryar gidan ta tafi da ita, aka ce mata sun fi jin daɗin darasin ranar.

Da ta dawo na kasa haƙuri. "Ke da yaron nan, karatun ne kawai?"

Ta jingine taɓarya. "Tsoho, zargina kake?"

"Tambaya na yi. Ba ke kika ce tambaya ba ta ba da haushi ba?"

"Au, ashe kai ne akuyar da ke motsi bayan taga a Manga. To madalla. Gobe mu je a gwada mu tare, hankalinka ya kwanta."

Bakina ya ja mini. Ni dai ina kai turame kasuwar Danko, kuma ba kullum nake dawowa a ranar ba. Akwai wata bazawara mai burukutu da takan ba ni tabarma, wani lokaci har da abin da ya fi tabarma. Duk tsawon kishina ban tuna da ita ba sai da allura ta shiga hannuna.

Muka zauna a benci muna jira. Ita tana ɓare gyaɗa tana gaisawa da mutane. Ni kuwa ina tuno duk wanda na sani ya rame ya mutu, ina tunanin da wane ido zan dube ta in ni ne na kawo mata ciwon gida.

Malamin ya kira mu ciki, ya rufe ƙofa. "Baba, Mama, ku duka lafiya lau. Sai a ci gaba da kiyayewa." Ya ƙara da cewa, "Baba, muna neman wani itacen fa."

Na ce zai samu, har da na ajiya.

A hanya na miƙe wuya, na ce mata, "To, yanzu na yarda da ke."

Ta tsaya ta dube ni daga wuya zuwa ƙugu, ta kama gefen rigata da yatsa biyu.

"Ni da na hau babur ko gumi ban yi ba. Kai da ba ka hau na kowa ba, me ya jiƙa maka riga haka?"